Ganyen Daji a Teburin Malam Yuguda

Kunming, Ƙasar Sin

Zuwa ga Babana, Malam Yuguda mai shayi, Dawaki, Gombe.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan jiki ya ƙara sauƙi bayan zazzaɓin nan. Karatu alhamdulillahi.

Curin nan mai kama da faifai da na aiko, ganyen shayi ne, puwar suke ce masa. Ɗanye ne, bana aka tsinko shi daga bishiyoyin daji waɗanda ba wanda ya shuka. Don Allah Baba kada ka tafasa shi. Ka ɓalli ɗan kaɗan, ka zuba ruwan zafi ka zubar, ka sake zubawa, ka ƙirga goma, ka tsiyaye. Ba madara, ba sukari.

'Yarka,
Halimatu Sadiya

*

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya yi miki albarka.

Ikon Allah! Shekara talatin da biyu ina gaban buta, yau ke za ki koya mini shayi? Wai in ƙirga goma! Rabin curin na jefa a babbar buta, na sa citta da kanumfari, ya tafasa har ya yi jajir. Mutanen teburina raki gare su, suka yi ta tofarwa. Ni kam kofi biyu na sha, daɗi ƙwarai.

Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci.

Babanki

*

Sadiya 'yata,

Sannu da karatu. Ni ce Lizzy mai ƙosai ta gefen teburin babanki. Bai san na rubuto ba.

Shayin nan da ya dafa, ko maɗaci albarka. Babayo tela har hawaye ya yi. Amma babanki ya shanye kofi biyu, ko fuska bai yamutsa ba. Da mutane suka watse na tsare shi, sai ya faɗa mini gaskiya. Tun zazzaɓin nan, wata biyar ke nan, bakinsa ba ya jin komai. Da ido yake auna sukari. Ya ce ƙarshen wata zai naɗe tebur, ba zai ci gaba da miƙa wa mutane abin da bai san ɗanɗanonsa ba. Kin san shi, in ya bar teburin nan zaman gida zai kashe shi.

Allah ya kiyaye ki.
Anti Lizzy

*

Babana,

Assalamu alaikum. Na ji komai, kada ka yi fushi da Anti Lizzy. Na yi kuka, Baba. Wata biyar kana ce mini lafiya lau.

Abu biyu nake roƙo. Ka je asibiti su duba ka. Sannan kafin ka naɗe tebur, ka gwada sauran ganyen yadda na ce, kullum da safe, kai kaɗai. Ba magani ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma tsohuwar da ta tsinko shi ta ce a haɗiye a yi shiru a jira, domin ɗacinsa yana wucewa, sai zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Ganye ɗaya yana ɗaukar zubi takwas. Ina so ka zauna ka saurari bakinka, ko da kaɗan ne ya dawo.

Ina kewarka sosai.
Sadiya

*

Sadiya,

Na je asibiti, sun ce jin ɗanɗano a hankali yake dawowa. Kwana goma sha tara ina ƙirga gomanki kamar ɗan firamare, ruwa kawai nake ji.

Yau da safe, a zubi na uku, na ji ɗaci. Zaƙin bai zo ba tukuna. Amma ɗaci ne, Sadiya, kuma na ji shi. Lizzy ta ga ina share ido, na ce mata hayaƙin ƙosanta ne.

Tebur yana nan. Allah ya dawo mini da ke lafiya.

Babanki