Tarin da Ya Hana Ni Ɗaukar Jikata

Zuwa ga aminina kuma surukina, Malam Bawa, a Gummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da bisashe. Ka gaishe mini da mai jego, ɗiyarka kuma surukata, ina sake yi mata barka da arziki. Ka gaida mai ɗakinka Hajjo, da sannu da dafa ruwan wanka safe da yamma.

Na san ba ka karanta boko. Ranar da na shiga ajin yamma na tsofaffi dariya ka yi mini, ka ce gemu da allo ba su dace ba. Don haka Malam Isa tela ne zai karanta maka wannan takarda a ƙofar shagonsa, inda kuke zama bayan la'asar. Ya ɗaga murya, na yarda kowa ya ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bawa, kishinka nake yi. Na rubuta wannan kalma na goge, na sake rubutawa, don ita ce gaskiya.

Ranar da direban motar Gummi ya tsaya bakin gonata a nan Anka ya ce an sauka lafiya, an samu mace, ban san lokacin da na yar da fartanya ba. Na shiga gari ba takalmi ina raba goro, har wanda muka shekara ba mu gaisa ba sai da na ba shi. Da na ji yaron nan, mijin ɗiyarka, ya ce sunan mahaifiyata zai sa mata, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don kada mata su ga idona. Innata ce ta dawo, Bawa. Kuma ga ta a gidanka, kai kake kwana kana tashi da kukanta.

Ban ce an yi ba daidai ba. Haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yin ta, haka muka taras. Amma ka san abin da ke cina. Ubanta ɗan farina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗora shi a cinyata ba. Yana rarrafe ya kama ƙafata, sai in ɗauke kai kamar ban gani ba, don kada a ce Garba ba shi da kara. Har ya yi gemu ban taɓa shafa kansa ba. Duk abin da na ɓoye shekaru ashirin da wani abu, ajiye shi na yi wa jika, domin jika ne kaɗai tsoho ke ɗauka a gaban mutane ba wanda zai ce uffan.

Ka tuna ranar suna. Na iso da sassafe, an raɗa suna, an yanka rago, wanzami ya gama aski. Kai ka fito da ita zaure cikin farin zane. Na miƙe, na goge hannuwana a riga, na miƙo su. Sai tarin nan ya taso. Na juya baya ina fama da shi, kafin in juyo Hajjo ta leƙo daga labule, na ji ta ce, "Mai da ta ciki, shina tari." Ka dube ni, ka dubi ƙasa, ka mai da ta. Ƙafarta kaɗai na gani, ja, kamar ɗan yatsana.

Da aka kawo fura kuma, kowa ya sa ludayi a ƙwarya ɗaya, ni aka zuba mini tawa a kofin roba. Mu da muka shekara arba'in muna shan ƙwarya ɗaya tun muna yara a Gwashi. Na sha, na yi godiya, na shiga mota na koma Anka.

Ka tuna shekarar da gulbi ya cika ya ja ɗan maraƙinku? Kai kana bakin gaɓa kana ihu, ni na nutsa. Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, ya ce da na daɗe ban fito ba har ya fara salati. Daga ranar yake cewa, "Garba huhun kada gare shi." Yau huhun kadan nan ba ya kai ni masallaci sai na tsaya sau biyu. Kai kuwa an ce mini har yanzu kana bin shanu zuwa fadama ka dawo ka ɗauki yarinya kana yi mata waƙa. Da wane numfashi zan yi takara da kai?

Ban ga laifinku ƙwarai ba. Ni ma na ɗauka tarin fuka ne. Asibitin da na fara zuwa ma haka suka zata, na sha allura da ƙwayoyi wata da watanni, kowa a Anka da Gummi ya sani. Da abin ya ƙi, aka tura ni babban asibiti. Can aka ɗauki hoton ƙirjina, aka gwada majina sau da yawa, aka yanki 'yar tsoka daga kaluluwar wuyana aka duba. Bayan sunan nan da kwana tara na koma karɓar sakamako.

Likitan ya ce ba tarin fuka ba ne. Na sa ya rubuta mini sunan ciwon a littafina na aji, sarkoyidosis. Ya ce jiki ne da kansa ke tara wasu ƙulle-ƙulle ƙanana kamar tsabar gero a cikin huhu, kuma har su likitoci ba su san abin da ke kawo shi ba. Na tambaye shi ko ana ɗauka. Ya ce ba a ɗauka, ko ta tari, ko ta ƙwarya, ko ta hannu. Na sake tambaya, ko jariri? Ya ce ko jariri. Bawa, a gabansa hawaye suka zubo mini, shi ya zaci murna ce kawai.

Sai ya ajiye mini hanya biyu. Ya ce wasu masu wannan ciwo, in aka ƙyale su, yakan tafi da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Wasu kuma yakan bar musu tabo a huhu wanda ba ya gogewa. Ya sa na hura iska cikin wani bututu, ya ce nawa yana tsaka-tsaki, bai yi tsananin da zai tilasta mini ba, bai kuma yi sauƙin da zai ce in manta ba. Ko in jira wata uku a sake gwadawa, ko in fara shan wata ƙwaya fara da ake kira firedinisolon.

Bai ɓoye mini halinta ba. Ya ce takan kwantar da tari ta buɗe numfashi, amma bai yi alkawari ba. Za ta kumbura mini fuska, ta buɗe mini ciki in riƙa ci kamar gara, ta rage ƙarfin ƙashi, tana iya ta da ciwon sukari. In na fara, ba a yanke ta rana ɗaya ko da na ji sauƙi, sai a hankali, watakila ta kai shekara. Kowane wata sai na je an gwada fitsarina. Ya kuma ce tana rage wa jiki ƙarfin kare kansa, saboda haka ni ne zan riƙa nisantar masu tari da mura. Ka ji fa. In mura ta kama ka, kai za a zuba wa a kofi.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ƙwayoyin suna cikin ambulan a akwatina. Ka san yadda ciwon sukari ya yi da Yaya Audu, ka ga ƙafarsa, da kai aka ɗauki makararsa. Na faɗa wa likita, ya ce shi ya sa za a sa mini ido sosai. Ka kuma san mutanenmu, da sun ga fuskar tsoho ta kumbura sai su fara zuwa neman gafara. Mai ɗakina ta ce in jira, Allah na iya yaye shi ba ƙwaya. Limaminmu ya ce neman magani ba ya kore tawakkali, jira ma ba laifi ba ne, in yi istihara. Na yi. Malamin ajinmu ya ce in raba takarda biyu, in rubuta amfani a dama, illa a hagu. Hagu ta cika har ƙasa. A dama layi biyu kawai na samu. Na farko, kada huhun ya yi tabo. Na biyu, sunanka ne.

Domin na zauna na lissafa jiran. Wata uku, a ƙara wasu uku, a ce shekara. Ko an kawo jaririyar Anka bayan wanka, muddin ana jin wannan tari, wata za ta leƙo daga labule. Takardar likita ba ta kai tari ƙara a kunnen mata ba. Kafin nan yarinyar ta yi zama, ta yi rarrafe, ta san gemunka, ta san warin rigarka. Ni kuma in ta gan ni ta ɓuya bayan uwarta, a ce mata wancan ma kakanki ne. Na ɗauke kai ga ubanta don al'ada ta sa ni. Ba zan ɗauke kai gare ta don tsoron kumburi ba.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan sha koko in haɗiye ƙwayar farko da bisimilla. Ban san ko zaɓin da ya fi ke nan ba. Na dai san ba hankali kaɗai ya kai ni ba, da kishinka a ciki, Allah ya yafe mini.

Na haɗo da takardar da likita ya rubuta cewa ciwon ba ya yaɗuwa. Malam Isa ya fassara maka, kai kuma ka shiga gida ka faɗa wa Hajjo da bakinka, don maganarka za ta fi ji. Bayan wata ɗaya, in na dawo daga gwajin farko, zan biyo ta Gummi. In ka ga wani mai fuska kamar faifai ya yi sallama, ni ne, ka yi dariyarka ka gama. Amma ko tarin ya kwanta ko bai kwanta ba, ina so ka shiga ka fito da ita, ka miƙo mini da hannunka. Kada ka aiko mace. Kai ka mai da ta, kai za ka kawo ta.

Allah ya raya mana Inna, ya sa mai jin ƙai ce, ya ba uwarta lafiyar shayarwa. Allah ya sa wannan magani ya zama waraka, ya kare ni daga sharrinsa. Kai kuma Allah ya ƙara maka numfashi da tsawon rai, ya cire mini abin da ke zuciyata game da kai, don ka fi ƙarfin haka a wurina. Amin.

Ka sumbaci goshinta, ka ce daga ni ne. Sau ɗaya tak, sauran ka bar mini.

Ni ne amininka,
Garba, Anka.