Farar Na'ura a Cikin Safa

Malam mai ba da shawara,

Ina sanar da kai da masu karanta wannan fili cewa tun watan jiya kunnuwana suka ci amanar ƙasa. Ka taimake ni kafin Asabar.

Ni ke rubuta littafin bayanin yadda ake amfani da na'ura a wani ƙaramin kamfanin na'urar sauraron waƙa ta MP3 da ke unguwar Guro a birnin Seoul. Da can duk ɗalibin da ka gani a Seoul, tamu ce rataye a wuyansa. Yanzu farar na'urar nan ta Amurka ta cika gari. Mai kamfaninmu, Shugaba Pyo, ba ya ma kiran sunanta, "waccan" yake cewa. Maganin da ya sani shi ne ya ƙara wa tamu wani abu: yau rediyo, gobe ƙamus, jibi agogo. Littafina kuwa sai ƙiba yake yi.

To, 'yata Ye-seul ta fara aiki. Ka san al'ada, da albashin farko jan wandon sanyi ake sayo wa iyaye. Uwarta ta samu nata. Ni kuwa ta miƙo min ɗan kwali da hannu biyu. Waccan ce a ciki, cike da tsofaffin waƙoƙin da nake rerawa in giyar soju ta ratsa ni. Ta ce, "Baba, taku ko kai sai da tabarau kake gane maɓallanta." Na yi tari, na ce na gode.

Abin kunyar, Malam, ina sonta. Babban yatsa kaɗai ya ishe ta, ko littafinta ban buɗe ba. Na cire farin iyafis na sa baƙi namu, na cusa ta cikin safa, na jefa aljihu. A jirgin ƙasa sai ka ga dattijo yana mulmula safa. Matata ta ce, "Baban Ye-seul, ko budurwa ka yi ai ɓoyon bai kai haka ba."

Ran Asabar kamfani zai hau Dutsen Gwanak tare da iyalai. Kowa zai rataya tamu, a yi hoto a ƙololuwa. Ye-seul ta ce za ta zo, har ta zuba min waƙoƙin hawa. In na rataya tamu, za ta ɗauka na raina kyautarta. In na rataya tata, Shugaba Pyo zai gani, mutumin da ya jinginar da gidansa don kada ya sallame mu. Ko in ce gwiwa ta tashi?

Mai Safa a Aljihu, Guro

Malam Mai Safa,

Kada ka yi wa gwiwa ƙarya. A shekarunmu, tana jin an ambace ta sai ta zo da gaske.

Mutumin da ya jinginar da gidansa bai cancanci ganin waccan a hoton kamfaninsa ba. Yarinyar ma ba cin fuska ta nufa ba, ta lura ne da yadda ubanta ke tsuke ido a kan maɓallai.

Gobe ka shiga ofishin Shugaba Pyo ka ajiye ta a tebur, ban da safar. Ka ce kyautar albashin farko ce. Ban san uban da zai ce a mayar da irin wannan ba. Sannan ka faɗa masa ba ka buɗe littafinta ba. Zai ɗaure fuska, wataƙila har ƙarshen mako, amma duk kamfanin babu wanda maganar za ta yi nauyi a bakinsa kamar kai mai rubuta littafin bayani, kuma ta fi ƙamus amfani.

Ye-seul kuwa, gaya mata da bakinka tun a gida: a kan dutse taku za ka rataya, domin ita ta biya mata kuɗin makaranta. In kun sauko kun shiga bas, ka ciro tata da farin iyafis ɗinta, kunne ɗaya naka, ɗaya nata. Waƙar kawai kada ka rera.

Ina yi maka fatan hawa lafiya, sauka lafiya. Bara a wannan fili na rubuta cewa duk wanda ya haura hamsin da kaset ɗinsa za a binne shi. Na yi kuskure.