Wasiƙu Tara a Aljihun Keken Ɗinki

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyaye Mata ta layinmu ta samu labarin rasuwar uwarta kuma tsohuwar shugabarta, Hajiya Inna Mai Keke, wadda wayar lantarki ta tsinke ta faɗo a kan ƙofar ƙarfen shagonta da safiyar wata Talata, daidai lokacin da ta zo buɗewa.

Shekara ashirin da shida marigayiya tana ɗinka wa 'ya'yanmu kayan makaranta, tana barin kalmasa mai faɗi a ƙafar wando don yaro ya girma a cikinsa. Da wayar nan ta fara lotsawa, mazan layin nan tokare ta suka yi da gwafa suka koma hirarsu, mu kuma muka ci gaba da wucewa ta ƙarƙashinta da goyo. Ita kaɗai ta rubuta wa kamfanin wuta, har sau tara, kuma ba ta taɓa baro ofishinsu ba sai an buga mata hatimi a kan kwafinta. Mun yi mata dariya, muna kiranta Lauya. Allah Ya yafe mana.

Da gangan muka jinkirta wannan saƙo. A zaman makoki wasu sun matsa wa babbar 'yarta, Malama, ta ce ƙaddara ce, ta bar maganar. To ku ji: ajali na Allah ne, amma waya ta kamfani ce, kuma shi doka ta ɗora wa kula da ita. Malama ta ƙi bari a kyautar da keken ɗinkin marigayiya sai da ta zazzage aljihunsa, ta kai wa lauya wasiƙun nan tara. Yau muna sanar da jama'a cikin natsuwa cewa kamfani ya amsa laifinsa a rubuce, ya yarda da biyan diyya, ya kuma sauya wayar tun daga bakin titi har ƙarshen layi.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya bai wa maigidanta Alhaji, da 'ya'ya da jikoki, juriyar wannan rashi. Gwafar kuwa tana ofishin ƙungiya, jingine a bayan ƙofa, don duk mai cewa a bari sai gobe ya gan ta.

Sa hannu:
Maman Tagwaye
Sakatariyar Yaɗa Labarai