Jitar da Yaya Mumuni Ya Bari

Nima, Accra
Maris, 1973

Zuwa ga Yayana Mumuni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Sala da 'yar da Allah ya ba ku, wadda har yanzu ba mu sa ta a ido ba. Yaya garin Dosso da Nijar baki ɗaya, yaya gyaran kekuna? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Mma tana nan da ƙarfinta, kullum da safe tana bakin titi da tukunyar kokonta da ƙosai.

Yaya, gyara zama, yau da labari na zo. Ƙanenka Sumaila kafinta ya hau dandamali! Wallahi ba wasa nake ba.

Ka tuna ranar da za a sa ku a mota, shekarar da aka kori baƙi daga Gana, ka miƙo mini jitarka ka ce kada in bari ta ruɓe? To, ba ta ruɓe ba. A shago nake ajiye ta, bayan katakai, don Mma ta ce ba ta son ganinta a gida. Da rana idan maigidana ya tafi cin abinci sai in ɗauko ta, in yi ta laluben abin da na saba ganin yatsunka suna yi. Ran nan ina cikin haka sai ga Wasiu, mai askin nan na kusa da masallacinmu, ya leƙo ta taga. Ya ce, "Cale, abokina, ashe kai ne? Na ɗauka rediyo ce." Ashe yana da 'yar ƙungiyar kiɗa, kuma mai kaɗa musu jita ya sami aikin jirgin ruwa a Tema ya bar su. Bai ma tambaye ni ko ina so ba. Cewa kawai ya yi, "Asabar, bayan azahar. Ka sa farar riga."

Wurin a Kokomlemle yake, tsakar gidan wata 'yar ƙabilar Ga, Anti Ayele, mai sayar da abin sha da soyayyen kifi. Dandamalin ma bencina ne aka jera aka ɗora tsohuwar ƙofa a kai. Da na dube shi da idon kafinta na ce yau sai Allah. Lasifika ɗaya ce tal, an ɗaure ta a reshen darbejiya. Wasiu ne ke waƙa, Fatawu direban tirotiro, motar hayar nan, yana kan ganguna, akwai wani ɗan ƙabilar Ewe marar magana mai kaɗa bes, jitar nan mai kaurin murya, sai ni.

Ba mu da waƙar kanmu ko ɗaya. Abin da muke yi shi ake ce wa kwafirai, wato ka ɗauko waƙar da kowa ya sani a faifai ka maimaita ta. Kuma mutanen nan ba su da yafiya, Yaya. So suke ta fito yadda take a rediyo, har tarin da mawaƙin ya yi. Wasiu ba ya jin Turancin Amurka, amma ya haddace sautin kaf. Yana ihu yana zubewa a kan gwiwa, wani akawu mai tabarau a gaba yana bin sa da baki yana gyaɗa kai.

Ni kuwa a waƙar farko don tsoro na kasa ɗaga kai. A ta biyu sai tsirkiya ta tsinke, tas! Na ce shi ke nan, na ba da mu. Allah ya so na zo da wayar birkin keke a aljihu, yadda kake yi. Fatawu ya riƙe mutane da ganga har na ɗaura. Da muka shiga haylaif, kiɗan rawar nan na Gana, ban san lokacin da tsoron ya gudu ba. Na ɗago na ga tsakar gidan ta cika maƙil, har masu wucewa sun ɗare katanga. Wata ƙatuwar 'yar kasuwar Makola ta taho tana juyi har gabana, ta zaro hankici ta share mini gumi, ta faɗi wani abu da Ga, kowa ya fashe da dariya. Har yau ban san me ta ce ba, amma na ji daɗinsa.

Yatsuna sun yi bororo, ran Litinin da ƙyar na riƙe guduma. Anti Ayele ta ce mu dawo.

Ka gaida Sala. Ka rubuto ka gaya mini yadda kake gangarowar nan ta kiɗan Kwango, ni ta gagare ni.

Ƙanenka,
Sumaila

Nima, Accra
Yuni, 1973

Yaya Mumuni,

Salamu alaikum, tare da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Allah ya sa zazzaɓin da ka ce ya taɓa yarinya ya sake ta.

Takardarka ta iso, da zanen yatsun da ka yi mini. Na yi dariya har da hawaye, hannun da ka zana kamar ƙafar kaza. Amma fa ya yi aiki! Gangarowar ta zauna daram. Ranar da na fara sakinta a wurin Anti Ayele, ɗan Ewe marar magana ya juyo ya dube ni ya ce, "Hmm." Wasiu ya ce tun da ya san shi bai taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

Yanzu kusan kowane mako muna da wurin zuwa. Mun yi wa 'yan ƙwallon unguwa da suka ci kofi, ruwa ya tsuge muna tsaka da kiɗa, muka ƙarasa a rumfar mai gyaran taya, mutane na rawa cikin taɓo ba takalmi. Mun yi a wani suna a Adabraka, inda wani tsoho ya nace a kan waƙa ɗaya, muna gamawa sai ya ɗaga sanda ya ce a sake. Mun yi ta har Wasiu ya rasa murya, na karɓe shi da jita kaɗai, kuma ba wanda ya zauna. Yaya, na gane abin da ke fitar da kai daga gida a da. Idan ka taɓa tsirkiya sau biyu kawai ka ga fuskoki sun gane waƙar tun kafin a buɗe baki, mace ta ajiye kwano, namiji ya miƙe, wallahi ji nake kamar ba a ƙasa nake tsaye ba.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Damata, 'yar gidan Malam Iliasu na Maamobi, za a yi bikinta bayan sati biyu, kuma angon ya ce lallai mu yake so a wunin. Ka san Mma ce uwar girki a duk bikin gidan nan. Ita kuwa har yanzu ba ta san ina kiɗa ba. Ba haramta shi ta yi ba, a'a. Ko a rediyo aka sa mai jita sai ta tashi ta shiga ɗaki. Har gobe ba a ambaton shekarar da aka kore ku a gabanta. Ta ce ita a Nima ta haife ka, ba ta san dokar da ta mai da ɗanta baƙo don ubansa mutumin Dosso ne ba, ta bar ni da nawa uban ɗan ƙasa ne. Sau biyu na buɗe baki zan gaya mata, na ga tana dama koko hankalinta kwance, na fasa.

Wasiu ya ce masu girki can baya suke, a madafa, ba za ta ma san ni ne ba. Ka taya ni addu'a.

Naka,
Sumaila

Nima, Accra
Yuli, 1973

Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. An yi bikin Damata, kuma zan faɗa maka yadda aka yi ba ragi.

Ba mu taɓa kiɗa kamar na ranar ba. An tare lungu da bencina, an kafa rumfa, mata sun sha anko shuɗi. Da farko tsofaffi sun ɗaure fuska, su kalangu suka sani. Muka bi su a hankali da haylaif mai sanyi, kafin la'asar har uwar ango ta shigo fili. Sai 'yan mata suka fara kiran waƙar Kwangon nan da ka fi so, wadda kake yi a ƙofar gida. Na rufe ido na sake ta, gangarowa da komai, yadda ka zana mini.

Ina tsakiya sai na ji ana kiran sunanka. "Mumuni! Mumuni!" Na buɗe ido na ga mutane suna darewa. Mma ce, Yaya. Ta fito daga wurin girki da muciya a hannu, ɗankwali ya zame, tana ture manya da yara, fuskarta cike da murnar da rabon in gan ta tun tafiyarka. Ta iso gaban dandamali tana dube-dube, ta wuce ni da ido, ta dubi Wasiu, ta dubi Fatawu, sannan ta dawo kan jitar, ta bi hannun har zuwa fuskata.

Na tsaya. Kowa ya tsaya. Ta ce, "Kai ne?" Na ce, "Ni ne, Mma." Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara ɗankwali, ta miƙa wa wata mata muciyar, ta juya ta kama hanyar gida. Na so in bi ta, Wasiu ya riƙe mini riga ya ce bikin mutane ne. Na ƙarasa, amma ban san abin da na kaɗa ba.

Kwanaki muna gaisawa kawai. Tana dai ajiye mini abinci. Na yanke a raina na bar kiɗa, har na gaya wa Wasiu ya nemi wani. Ran Alhamis da hantsi ina goge katako sai na ga inuwa a bakin shago. Ita ce, da mayafinta na unguwa. Ta gaida maigidana, sannan ta ce da ni, "Abin nan na ɗan'uwanka, a cikin ƙurar katako kake ajiye shi? Kawo shi gida."

Da yamma ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce in yi mata ta ranar nan. Maƙwabta suka leƙo, ta kore su. Na yi mata. Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba, amma ta ce kada in tsaya. Da na gama ta fyace hanci ta ce, "Hannunsa ne. Sai dai kai kana da gaggawa, shi ba ya sauri." Na yi dariya, ita ma ta yi. Daga nan ta shiga tambayata wuraren da muke zuwa, da ko ina sallah a kan lokaci, da ko 'yar Ga ɗin nan tana ba mu abinci. Can ta ce, "To, kunne dai ya ji."

Yanzu jitar tana rataye a ɗakina. Na koma wurin Wasiu tun kafin ya sami wani. Zan rage sauri.

Ƙanenka mai ƙaunarka,
Sumaila

Tashar Tudu, Accra
Satumba, 1973

Yaya Mumuni,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, a bayan jita na ɗora takardar, kuma ana ta bangazata.

Yau mun yi wasan da ya fi kowanne, kuma ba wanda ya gayyace mu. Tun safe muke jiran motar Lome ta cika. Fatawu ya ce zaman me muke, ya jawo galan ya fara bugawa. Wasiu ya hau kan buhunan goro, ba lasifika ba komai. Kafin mu kai rabin waƙar farko 'yan dako sun sauke kaya, masu talla sun kewaye mu da farantai a ka, wani direba yana amsa mana da hon daidai kan kiɗa. Sun kira ta Amurka mun yi, sun kira haylaif mun yi. Da na shiga ta Kwango, a hankali wannan karon, sai Mma ta miƙe daga kan ƙullin kayanta, ta ɗaga hannu ɗaya, ta taka. Ta taka, Yaya, a tsakiyar Tudu, 'yan dako na yi mata tafi!

Ka ga dalilin zuwanmu tasha ke nan. Tun bayan bikin take shiri. Ta bar wa maƙwabciya tukunyar koko, ta ɗinka wa jikarta riguna, ta sami Hajiya Zuera mai fataucin goro da ta san hanyar Gaya ta Nijar har zuwa Dosso, za su tafi tare. Ta hana ni rubuto maka, ta ce idan ka sani za ka ce hanya ta yi mata nisa. Ta ce kunne ya ƙoshi, saura ido.

Jitar kam ba zan aiko ba, kada ma ka tambaya. Anti Ayele ta ba mu kowace Asabar har ƙarshen shekara.

Yaron mota na buga ƙofa, dole in naɗe. A hannun Mma zan sa wannan takarda, ita za ta miƙa maka. Saboda haka in har ka kawo nan a karatu, ka yi laifi, don ka bar tsohuwa a zaune tana kallon ka. Ajiye takardar, Yaya. Je ka zauna kusa da ita.

Ƙanenka,
Sumaila