Na gano abin da ke kashe injin ƙyanƙyasar Yayana, kuma ba na son gaya masa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don abin da zuciyata ke raya min ni kaina na san ba na kirki ba ne, amma daɗinsa nake ji.

Ni ɗan Daura ne, kwamfuta na karanta. Bara ni da ɗan wan babana, zan kira shi Yaya kawai, muka haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai a gonarsa ta hanyar Sandamu. Wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce ke kula da shi, firogiram ɗin da C++ muka rubuta. Ni na yi ɓangaren zafi da fanka, shi ya yi mai ƙidayar lokaci da juya ƙwai. Abu ne da in an kunna ba a kashewa sai an ƙyanƙyashe. Muka gwada da ƙwan kaza, 'yan tsaki suka fito lafiya lau, Yaya ya zagaye gari yana cewa shi ya ƙera inji.

Da damina ta faɗi zabi suka fara ƙwai, sai ya cika injin da ƙwan zabi na mutane. Ana saura kaɗan su fito firogiram ya mutu, hita ta ɗauke, babu kowa a gonar sai washegari. Abin da kawai ya bari a allo layi ɗaya ne, wai an jefa exception ba a kama ba. Ga waɗanda ba aikinsu ba ne, wato firogiram ya ci karo da matsala ya yi ihu, ba a tanadi mai amsa masa ba, sai ya faɗi gaba ɗayansa. Bai faɗi inda ta taso ba, don Yaya ya sa mun cire bayanan bincike lokacin haɗa shi, wai kada a sace mana fasaha. Na taɓa roƙonsa in sa abin kama kuskure a ɓangarensa, da abin da zai tayar da firogiram in ya mutu, ya ce in tsaya a nawa.

Tunda hita ce ta mutu, kuma hita tawa ce, shi ke nan an sami mai laifi. A majalisar ƙofar gidanmu bayan Juma'a, gaban babana da masu ƙwai, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ku yi haƙuri da shi, yaro ne, ni na yi gangancin ba shi aikin manya." Babana ya sunkuyar da kai, wannan sunkuyawar har yau ita ke cin raina. Daga ranar sunana ya koma Injiniya Baragurbi, har masu acaba a tashar Zango da shi suke kirana. Yaya ya cire ni, ya sake rubuta ɓangarena, ya zuba ƙwan kaza suka fito, ya sake zubawa suka fito. To wa zai ƙara saurarena?

Haushi ne ya sa ban bari ba. Ina da kofin tsohon kod ɗin, na sake haɗa shi da bayanan bincike, na ɗaura masa debugger, wato manhajar bin sawun kuskure, don ya tsaya daidai inda za a jefa exception, na jona shi da sola a ɗakina na bar shi yana ta gudu. Sati uku ko tari bai yi ba, har na fara tunanin ko da gaske ni ne. Tsakiyar sati na huɗu na dawo daga masallaci na tarar ya tsaya cak, a cikin layin Yaya. Ashe lokaci yake ƙidayawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a cikin ma'ajin da bai isa ba, in ya cika sai lambar ta juye ta koma ƙasa da sifili, a je neman jadawalin juya ƙwai da ita, babu, sai ihu. Kaza sati uku take, ba ta kaiwa wurin. Zabuwa huɗu take. Na tura agogon gaba da hannu na sake gwadawa, ya faɗi a wuri ɗaya, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai kamar sabon kamu.

Yanzu ga inda nake. Damina ta dawo, ya sake cika injin da ƙwan zabi, yawanci na matan ƙauyukan Sandamu ne, kowacce ta yi wa nata alama da gawayi ko lalle. Ya kulle ɗakin ya tafi Kano kwas, yana cika bakin cewa injinsa ba ya buƙatar mai gadi tunda an cire baragurbin ciki. A lissafina jibi ko gata zai faɗi. Maganin wucin gadi kashewa da kunnawa ne kawai, na dindindin kuwa layi biyu. Ni kuma so nake ya faɗi. So nake ya tsaya a majalisar nan babu wanda zai dafa wa kafaɗa, in zauna kusa da babana ina kallonsa. In na kira shi yau na san shi sarai, zai gyara a ɓoye, ƙwai su fito, a ƙara yabonsa, ni kuma in mutu da sunan nan.

Jiya na gano Innata ma ta kai nata ba ta gaya min ba, don kada raina ya ɓaci. Abin da ya fara zuwa min shi ne in karɓo makulli wurin matar Yaya, in zare na Inna kawai in sa wa kazarmu mai kwanci, sauran su ji da shi. Da na ga na fara neman kwandon da zan ɗauko su sai na ji tsoron kaina.

To 'yan uwa ku gaya min. In kira shi, ya wanke kansa da gumina? In tara shaidu tukuna in nuna musu a kwamfuta, alhali waɗanda suka sa min sunan ba allo suke yarda da shi ba, sai sun ji warin ƙwai? Ko in yi shiru? Kada wanda ya ce min in bar wa Allah ya tsaya nan, ya gaya min abin da zan yi da hannuna kafin jibi, don 'yan zabin nan da ransu a cikin ƙwai yanzu haka, kuma duk duniya ni kaɗai na san ranar da hita za ta ɗauke.