Rufin ɗakin Nagoggo

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ya sani Allah na ganinsa. Ke 'yata Fadila, da ke nake, ajiye shi inda kika gan shi.

Litinin, 1 ga Afrilu, 2019

Alhamdulillahi. 'Yata Siddiƙa ta dawo hutu daga jami'a da ƙoshin lafiya, hijabinta har ƙasa. Na yi magana da Mati kafinta. Zai rushe rufin soron surukata Nagoggo ya buga kwano kafin damina. Bara ruwa har kan gadonta.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Yarinyar nan ta ce kada a rushe. Wai aikinta na kammala karatu a kan yadda zafi ke ratsa abu mai hawa-hawa ne, kuma rufin soro haka yake: azara, zana, ƙasa, sai makuba da ake shafe saman da ita. Ta nuna mini a kwamfuta. An yanka rufin ƙanana-ƙanana, kowane yanki yana miƙa wa na ƙasa da shi zafi, jan launi, wato zafin, yana sauka a hankali. Na yi kimiyya a sakandare, na gane fiye da yadda take zato. Amma na ce mata 'ya ba ta warware maganar uwarta.

Asabar, 6 ga Afrilu

Wai sai ta hau soron ta auna kaurin ƙasar da zafinta, in ba haka ba lissafin zato ne kawai. Budurwa a kan soro, tana hango tsakar gidan mutane! Na hana.

Talata, 9 ga Afrilu

Zafi yau ba a magana. Ɗakina na kwano kamar tanda. Na je na kai wa Nagoggo fura, sai ga ni na zauna har la'asar. Ta ce, "Haulatu, ke da za ki rushe, me kike yi a nan?" Na ce hira na zo.

Laraba, 10 ga Afrilu

Ni da kaina na bi maƙwabta gida-gida na ce za a hau sama, mata su kintsa. Matar Malam Dabo ta ce, "Wane magini?" Na ce 'yata ce, injiniya. Ni na riƙe tsani. Ta sauko da ƙura har gira.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Lissafi ya fito. Kwano kaɗai, zafin rana na shigowa nan take. Ƙasar nan kuwa tana riƙe shi sai yamma. In aka bar ta, aka ɗora kwano a sama da tazarar iska a tsakani, ba yoyo, ba gasuwa. Mati ya ce aikin ya ma fi sauƙi. Nagoggo ta ce a ba jikarta cinyar kaza.

Ban ce na yi kuskure ba. Kwano na ce, kwano kuma za a buga.

Na tara mutanen gida bayan azahar na faɗa musu: daga yau ba a taɓa rufi ko bango a gidan nan sai Siddiƙa ta yi lissafi ta kawo mini na duba. Ɗakina ne na gaba.