Ka Sauke Hoton Sani

Ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ya Legas, ya aiki? Ya Maryam da yara? Mu nan Kontagora jiki lafiya, amma hankalina a tashe yake.

Na ga abin da ka sa a shafinka. Na yi murna da ka tono sunan kakanmu a intanet cikin sojojin yaƙin Bama na zamanin Turawa, ai ni na sa ka nema. Amma wane irin tunani ya sa ka haɗa shi da hoton ɗana Sani cikin kaki, har da rubuta “gadon gida”? Ka san da sunan gari Turawa ke rubuta soja. Audu Bangi! Ka nuna wa duniya ƙofar gidanmu.

Ka manta duk Bangi a direban tirela suka san Sani? Ko hutu ya zo, a wurina yake barin kakinsa, saboda masu kai wa ’yan bindiga rahoto. Ran kasuwar Bangi wani baƙon mutum ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce, “Sannu, kakar soja.” Nan take ta kira ni a waya. Na ce ta taho Kontagora, ta ce dawarta ba ta nuna ba.

Don girman Allah ka sauke hoton nan yau. Kaka ya dawo daga Bama da ƙafarsa, kada alfaharinka ya sa a shiga daji da ’yarsa.

Ka sa Inna a addu’a. Ka gaida Maryam.

Yayarka,
Hadiza